Ƙaramin turbo ko babba a kan injin Accord 2.4: amsa ga ɗan uwa

Wani ɗan uwa a wannan zaure ya yi tambaya game da motarsa, Honda Accord ta 2004 wadda ake kira EOD, mai injin K24 na lita 2.4, wanda yake so ya ɗora wa turbo. An nuna masa guda biyu, duka na kamfanin Garrett, wato GT2860RS ƙarami da GT3582R babba, kuma makanikinsa ya ba shi shawarar ya ɗauki babban, tunda a cewarsa wanda ya fi girma shi ya fi ƙarfi. Motar ita ce abin hawansa na yau da kullum a cikin birnin Kano, sai kuma tafiyar Kaduna jefi-jefi.

Malam, kafin a dubi ko wanne daga cikinsu, sai an fara sanin yawan iskar da injinka yake iya haɗiyewa, domin turbo ba ya ƙirƙirar ƙarfi da kansa, iska kawai yake dannawa cikin silinda don a samu damar ƙona ƙarin fetur. Injin mota yana cika silindojinsa sau ɗaya a duk juyi biyu. Idan naka yana juyi 6,500 a minti ɗaya, ya cika sau 3,250 ke nan, kuma tunda ba a taɓa samun cikar ɗari bisa ɗari, mu ɗauki kashi 90, abin da zai ba mu kimanin lita 6,900 a minti. A nan ne yanayin garinmu yake shigowa cikin lissafi. Kano tana kan tudu na kimanin mita 480 sama da teku, kuma a watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40, don haka iskarmu ta fi ta bakin teku sauƙi, lita dubu ɗaya ba ta wuce kilo 1.06 ba. Sakamakon shi ne kilo 7.3 a minti, ko laba 16 a ma'aunin da masu ƙera turbo suke amfani da shi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kowace laba ɗaya ta iska a minti tana ba da ƙarfin doki kusan 10 a injin fetur, kuma ka ga lissafin ya faɗa daidai kan doki 160 da Honda ta rubuta wa wannan injin.

Injin da ba a taɓa cikinsa ba, wanda fistin da sandunansa na kamfani ne, bai kamata a danna masa matsin da ya wuce bar 0.5 zuwa 0.7 ba (bar shi ne ma'aunin matsin iska). A kan 0.7, bayan an sanyaya iskar, abin da zai riƙa sha a ƙololuwar gudunsa laba 26 zuwa 27 ne, wato doki 260 da 'yan kai, yayin da a juyi 3,000, inda ake yawan tuƙi, bai fi laba 12 ba. Waɗannan lambobi biyu, 12 da 27, su ne awon rigar, kuma duk turbon da za ka saya sai ya dace da su duka biyun.

Kowane turbo na kirki yana da taswira da kamfani yake fitarwa, inda aka jera yawan iska a kwance, aka jera matsi a tsaye, sannan aka zana wasu da'irori a tsakiya da suke nuna inda farfelar turbo mai danna iska take aiki da inganci. Akwai iyaka ta hagu, inda iskar da injin yake sha ta yi kaɗan har matsin yana komowa baya yana dukan farfela, abin da ake jin sautinsa kamar tari kuma yake cinye ƙarfen da farfelar take juyi a kai. Akwai kuma iyaka ta dama, inda turbo ya ƙure, ya koma dumama iska kawai ba tare da ƙara ta ba.

GT2860RS, wanda farfelarsa ta iska take da faɗin milimita 60, an yi shi ne don doki 250 zuwa 360, kuma yana kaiwa wajen laba 35 kafin ya ƙure. Lambobinka biyu suna cikin taswirarsa, kuma mafi yawan tuƙinka zai riƙa bi ta tsakiyarta. GT3582R kuwa farfelarsa milimita 82 ce, yana iya tura laba 60 ko kusa da haka, wato na motar da ake nema wa doki 500 zuwa 600 ne. A kan taswirarsa, laba 27 ɗin da take ƙololuwar injinka ba ta ma kai rabin abin da zai iya ba, laba 12 kuwa tana can manne da gefen hagu. Kafin injin lita 2.4 ya haɗiye laba 50 sai an danna masa matsin da ya haura bar 2, kuma fistin ɗin kamfani ba zai ga ƙarshen wannan rana ba.

Bambancin da za ka fi ji a ƙafarka yana ɓangaren hayaƙi ne. Hayaƙin da yake fita daga injin shi yake juya turbo, kuma farfela mai nauyi a cikin gida mai faɗi tana buƙatar hayaƙi mai yawa kafin ta tashi. Faɗin wannan gida ana rubuta shi a jikin ƙarfen da alamar A/R, ana samun ƙaramin da 0.64 ko 0.86, babban kuma da 0.63, 0.82 ko 1.06, sai dai lambar ba ta kwatantuwa kai tsaye tsakanin turbo biyu masu girma daban. A kan injin irin naka, ƙaramin mai 0.64 yakan cika matsinsa a wajen juyi 3,000, babban kuwa sai an haura 4,000. Ka ɗauka ka taso daga Dangi ka nufi Ƙofar Nasarawa da yamma, Adaidaita Sahu a gabanka, wata a gefenka, ka samu 'yar kafa kana so ka wuce. Allurar juyi tana kan 2,200, ka taka totur. Da ƙaramin, kafin ka ƙirga biyu motar ta amsa, ka wuce ka koma hannunka. Da babban, motar za ta yi sanyi kamar ma ba ta kai yadda take a da ba, kafar ta rufe, sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya a lokacin da ya kamata a ce ƙafarka tana kan burki. A ganina wannan kaɗai ya isa ya raba gardama ga motar cikin gari.

Sai dai a yi wa babban adalci, domin yana da nasa wurin. Gidansa mai faɗi ba ya riƙe hayaƙi, saboda haka a ƙololuwar gudu injin yana numfashi a sake, zafi ba ya taruwa a kan bawul, kuma ƙarfi ba ya faɗuwa kafin allura ta kai ja. Ƙaramin mai 0.64 yakan fara shaƙe injin lita 2.4 a can sama, shi ya sa wanda ya fi yawan doguwar tafiya a hanyar Zariya zai iya zaɓar 0.86, ya yarda da ɗan jinkiri a ƙasa. Amma amfanin babban ba ya fitowa sai ga wanda ya kwance injin, ya sa fistin da sanduna masu ƙwari, ya rage matsin silinda, ya sauya giya, kuma yana da filin da zai riƙe motar a sama da juyi 5,000. Wannan wata mota ce daban, kuma kuɗinta ma daban ne.

Zafin Kano yana ƙara wa zaɓin nauyi. Iskar da ta shiga turbo a digiri 40 aka danne ta zuwa bar 0.7 tana fita a wajen digiri 112 idan farfelar tana aiki da ingancin kashi 75, amma idan an tura ta gefen taswira inda ingancin ya faɗo zuwa 60, zafin yakan kai 130. Iska mai zafi tana sa fetur ya fashe kafin filogi ya gama aikinsa, kuma da yake fetur iri ɗaya ake samu a yawancin gidajen manmu, babu wani mai ƙarfi da za a gudu gare shi. Saboda haka intakula, wato lagireton da yake sanyaya iska kafin ta shiga injin, wajibi ne ko wanne ka ɗauka, haka ma matatar iska mai kyau, domin ƙurar hunturu tana cin bakin farfelar da take juyi sama da dubu ɗari a minti.

Shawarata ita ce ka ɗauki GT2860RS, ka tsayar da matsin a kan bar 0.5 a farko, sannan rarar kuɗin ka zuba ta a nozul masu girma, famfon mai, da wanda zai sake saita kwamfutar injin, tunda ta kamfani ba ta san da ƙarin iska ba kuma za ta bar injin da ƙishirwar fetur. Idan giyarka otomatik ce, ita ce za ta fara gajiya kafin injin, sai ka sa wannan a lissafi tun yanzu. Idan kuma a Ƙofar Ruwa za ka nemi ɗan Beljiyam, ka karanta lambar da take kan farantin jikinsa ka nemo taswirarsa, domin jabu masu ɗauke da sunan Garrett suna da yawa. Ka kama sandar farfelar da yatsu biyu ka girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne matuƙar fikafikan ba sa taɓa bango, amma idan tana shiga tana fita, ko ka ga baƙin mai ya jiƙe bakin hayaƙi, ka ajiye masa kayansa ka duba wani.