Zaman da na yi da masaniyar halayyar ɗan'adam bayan haihuwa

Duk mai jegon da ta wuce mako biyu tana kuka ba dalili, barci ya ƙaurace mata ko da jariri ya yi shiru, ina ba ta shawarar ta gwada wannan magani na tattaunawa. Ni ya yi mini amfani bayan haihuwata ta biyu, kuma ko ƙwaya ɗaya ba a rubuta mini ba.

Ranar rigakafi wata nas ta lura da ni, ta yi mini tambayoyi 10 na ma'aunin Edinburgh, wanda ake amfani da shi tun 1987 wajen gano ciwon damuwa ga masu jego. Ta ƙarshe ita ce ko tunanin cutar da kaina ya taɓa zo mini. Da ta haɗa makin sai ta tura ni asibitin koyarwa, wurin masaniyar halayyar ɗan'adam.

Hanyar da masaniyar ke bi ana ce mata CBT, wato koya wa mutum gane tunanin da ke cutar da shi da yadda zai sauya shi. Ta sa na sayi ƙaramin littafi, in rubuta abin da zuciyata ke raya mini, a gefe kuma in kawo hujja. Na rubuta cewa nonona ba ya isar yaron, yunwa za ta kashe shi. Ba ta yi mini musu ba, cewa ta yi in ɗauko katin awonsa mu duba tare. Nauyinsa hawa yake yi. Sannu a hankali na koyi tuhumar irin wannan tunani da kaina cikin dare. Akwai kuma aikin gida: in miƙa wa ƙanwar maigidana yaron in yi barcin rana, in fito tsakar gida da hantsi.

Abin da ya fi burge ni, ta kira maigidan. "Malam, matarka ba raki take yi ba, ciwo ne, kuma yana warkewa." Surukata ta fi karkata ga cewa iska ce, amma masaniyar ba ta raina kowa ba, ta ce in riƙe azkar ɗina, mu ci gaba da zama.

Inda na ga gazawa shi ne layi da kuɗin mota, ga kallon da ake yi wa mai goyo idan ta nufi sashen ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mai jego 1 cikin 5 na fama da irin wannan larura, kuma a 2015 ta fitar da tsarin da aka gwada a ƙauyukan Pakistan, inda ma'aikatan lafiya na unguwa ke yin wannan zama. Ya kamata a ce asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu yana yi.

Wadda ke jin muryoyi, ko take tunanin illata kanta ko jaririn, kada ta jira ranar zama. A kai ta wurin likita a ranar, domin ita tana iya buƙatar magani.