Yaya, a kai Baba hoton ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum Yaya. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Tun da ka ce min yana ganin yara zaune a ɗakinsa alhali babu kowa, hankalina bai kwanta ba, don na ga irin wannan a gidan tsofaffin da nake aiki nan Ingila.

Mu a gida duk gigin tsufa muke ce masa, a yi addu'a a rungumi haƙuri. Nan kuwa likita kan tura mutum asibitin masu mantuwa, a gwada jini, a yi masa tambayoyi, sannan a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a ga wane iri ne. Alzaima ce ta fi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a hoton MRI akan ga sashen da ke riƙe sababbin abubuwa ya ƙanƙance. Akwai na toshewar ƙananan jijiyoyin jini, abokin tafiyar hawan jini da suga, tabonsa kan fito fari-fari. Akwai mai cin gaban ƙwaƙwalwa, ya sauya halin mutum tun bai kai shekara 65 ba.

Wanda ya tsaya min a rai shi ne wani dattijo da na raka. Shi ma gane-gane yake, tafiyarsa ta yi nauyi, hannu na makyarkyata, yau garau gobe a rikice. Aka ba shi ƙwayar kare thyroid, wata halitta da ke gaban wuya, aka yi masa allura, muka zauna jira fiye da awa uku yana riƙe da hannuna, kafin ya kwanta a na'urar. DaTscan suke kiran hoton. Likitar ta nuna min: a mai lafiya alamu biyu ne kamar waƙafi, nasa sun koma ɗigo. Ta ce ciwon Lewy ne, wani irin ciwon mantuwa, kuma masu shi wasu magungunan taɓin hankali irin su haloperidol na iya sandarar da su, har su kai su lahira. Nan gabana ya faɗi, na tuno Baba.

Ba su karɓi ko sisi ba, gwamnati ce ke biya, amma fa jiran layi kan ɗauki watanni. Gida kuwa in kuɗi na hannu an fi samu da wuri, kuma manyan asibitocin koyarwa na da na'urar ɗaukar hoto ta CT ko MRI. Ko CT kaɗai kan nuna jini da ya taru bayan faɗuwa, ko ruwa a ƙwaƙwalwa, ko ƙari, kuma waɗannan ana iya yi musu aiki.

Don Allah kada a ba shi maganin kwantar da hankali daga kemis kafin likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi. Ka riƙa rubuta lokacin da yake gane-ganen da yadda yake barci, za a tambaya. Kuɗin hoton ni zan turo ƙarshen wata. A gaida Inna.