Gyaran wajen wanki a Katsina: yadda muka ƙare da masu aikin

Bari in faɗi hukuncina tun kafin surutu ya yi yawa, mutanen da suka gyara mamu wajen wanki sun san ruwa, sun san inda yake bi da inda yake kwanciya, wannan kam ba a ƙwace masu ba. Amma cika alƙawarin lokaci sai dai a yi haƙuri, kafintan da suka kawo kau ban ba kowa shawarar ta bari ya taɓa mata ko ƙusa ba.

Ba wani kamfani ba ne mai ofis da sakatariya, wani dattijon falamba ne mai shago can wajen Ƙofar Ƙaura, shi ke karɓar aikin gaba ɗaya sai ya kawo birkila da mai tayil da mai wayarin da kafinta, da shi kaɗai ake ciniki kuma shi ake kama in abu ya lalace. Wannan tsarin ya yi mani, dan duk wadda ta taɓa haɗa ma'aikata huɗu da kanta ta san yadda kowa ke ɗora laifi bisa ɗan uwanshi.

Wajen namu lungu ne bayan kicin, tsakanin katanga da sito, bai wuce mita 3 a tsawo da 2 da rabi a faɗi ba. Simintin ƙasa ya farfashe, famfo ɗaya tal, ruwan omo ya kwanta a kusurwa har gansakuka ta fito, gindin bangon sito kullum a jiƙe fenti na ɓanɓarewa, sauro kau ba a magana. Injin wankin a baranda yake zamne, duk ranar wanki sai yara sun jawo shi an ja mashi waya daga kicin ta bi ta cikin ruwa.

Ranar da Malam, wato dattijon falamban, ya zo dubawa bai ko tambayi kalar tayil ba. Bokiti ya ce a cika mashi, ya sheƙa a tsakiyar wurin, ya goya hannu a baya ya tsaya yana kallon ruwan, rabi ya gangara gindin sito rabi ya tsaya cak a wani ɗan kwari kusa da famfo. Ya ɗauko gawayi ya zagaye wurin. Sannan ya ce "Hajiya ado mai sauƙi ne, ki fara gaya mani ruwanku daga ina yake zuwa, in an gama da shi kuma ina yake tafiya." Tambaya ce mai kyau a garin nan, dan ruwan famfon gari daga dam ɗin Ajiwa yake zuwa amma mu da yawa a sababbin unguwanni bohol ne ko 'yan garuwa, kuma ko wanne da irin wajen wankin da ya dace da shi. Mu bohol ɗin maƙwabci muke ja zuwa tanki, in babu wuta kwana biyu a koma ma jarka.

Nan aka zo maganar inji. Baban yara ya so a sayi otomatik mai buɗewa ta gaba, irin wanda za ki zuba kaya ki danna ki tafi abinki. Malam bai hana ba amma ya yi mamu lissafin da mai shagon inji ba zai yi maki ba. Irin wannan injin da ƙarfin ruwan famfo yake cika kanshi, kuma ruwan tanki ƙarfinshi daga tsawon ƙarfen da aka ɗora shi yake, duk mita 10 na tsawo ɗaya ke nan a ma'aunin ƙarfin ruwa da ake kira "bar", da yawa daga injinan nan kau takardarsu na neman wajen rabin "bar" ko fiye, wato tanki ya hau mita 5. Namu bisa mita 3 yake. Ke nan ko dai a ɗaga tanki, ko a sa mashi ɗan injin turo ruwa, in ba haka ba ya yi ta jan ruwa a hankali har ya gaji ya tsaya yana ƙara. Ga kuma wuta, mai dafa ruwa a cikinshi yana cin wajen wat 2000 lokacin da hita ta kama, ƙaramin janareto ko 'yar inbata ta gida ba za su ɗauka ba, shi kau mai baki biyu, gefen wanki da gefen matsa, yawanci bai kai wat 500 ba kuma da bokiti ma za ki cika shi. Sai muka zamna bisa mai baki biyun da muke da shi, amma ya bar fili santimita 70 a gefe da bakin famfo a toshe da bututun fitar ruwa, duk ranar da Allah ya hore sola mai ƙarfi sai dai a turo otomatik ɗin a jona, tunda faɗinsu santimita 60 ne galibi. Wannan hangen ya burge ni gaskiya.

Aikin ƙasa shi ne inda kuɗina suka halatta. Sun fasa tsohon simintin duka, suka sake zubawa da gangara wajen santimita 2 a duk mita ɗaya, ido ba ya gani amma ruwa na gani, duk ya nufi kusurwa guda nesa da bangon sito. Injin suka yi mashi ɗan dakali wanda tsawonshi bai kai kamu ɗaya ba, saboda mai baki biyu ba ya da famfon turo ruwa waje, da kanshi ruwan ke gangarowa, in tiyon ya ɗaga sama ko kaɗan sai ruwa ya zamna a ciki ya yi wari. Bututun inci 2 suka sa, a bakinshi akwai ɗan rami mai murfi da raga da ke tare zare-zaren kaya da maɓallai da duk tarkacen aljihun yara, sati-sati nake buɗewa in kwashe, abin da ke fitowa ciki sai kin riƙe baki, har da murfin biro da ƙwallon dabino. Kuma bai yarda a haɗa ruwan da sokawen bayi ba, ya ce ruwan wanki yawa gare shi zai cika ta da wuri, ga bilic da omo suna kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a ciki. Ƙaramar sokawe daban ya haƙa aka cika da duwatsu, ƙasarmu ta nan mai yashi ce tana shanyewa. Zuwa titi kau ni na ce a'a tun farko, faɗan maƙwabta nawa ne a unguwannin nan asalinshi ruwan wanki da aka sako ƙofar gidan wani.

Tayil an ɗan yi ja-in-ja. Ɗiyata babba ta nace sai fari mai ƙyalli 60 da 60 irin na falo, mai tayil ya ce shi dai ba da hannunshi ba, ruwan sabulu bisa mai ƙyalli karaya ce kawai ake jira, kuma manyan tayil ba su bin gangara da kyau a ƙaramin wuri sai an yi ta yanka. Muka ɗauki 40 da 40 mai kaushi kalar ƙasa-ƙasa, wanda ko ƙurar hunturu ta sauka ba ya tona asiri. Ƙyallin aka kai shi bango, fari 25 da 40 har tsawon kafaɗa da layi ɗaya shuɗi a sama, ita ma ta samu abin ɗaukar hoto. Ki sayi kwali ɗaya fiye da lissafi ki aje, 40 da 40 guda 12 ne a kwali bai ida sukwaya mita 2 ba, kuma in kika koma kasuwa daga baya ko lambar ɗaya ce kalar na iya bambanta. Da suka gama na bi da makulli ina ƙwanƙwasa ko wanne, guda biyu suka yi ƙarar holoƙo alamar siminti bai cika ƙasansu ba, ban ida magana ba yaron ya ɗauko guduma ya cire ya sake. Ba musu ba ɓata rai.

Abin da na fi jin daɗinshi kullum shi ne kwamin wanki. Na kankare ne mai gida biyu an lulluɓe da tayil, tsawon santimita 85, a tsaye nake cuɗa wuyan riga da hular Baban yara ba duƙawa ba ciwon baya. Sannan na roƙi a sa mani wani famfo can ƙasa kusa da magudana, saboda kayan yara masu fitsari ko wata najasa ni ba na jefa su inji ɗaya da kayan salla sai na fara ɗauraye su da ruwa mai gudu, Malam ya gane nan take bai tsaya tambaya ba. Famfon ƙasan ya zo ya yi ma Inna rana ita ma, surukata, dan ita har gobe ba ta yarda inji na fitar da datti ba, kujera 'yar tsugunno da baho da sabulun wanki ta fi ganewa, in ta zo kwana biyu nan take zamna ta wanke kallabinta tana yi mamu tsiya wai mu 'yan zamani ragwaye.

Wuta ba dogon labari. Soket mai am 13 mai murfi, sama da ƙirji kuma nesa da famfo, waya mai kaurin lamba 2.5, ya haɗa at na gaske, wato wayar da ke kai wutar da ta zurare har ƙasa, ya sa 'yar na'urar nan da ke yanke wuta da kanta in ta fara zurarewa. Da can injin nan yana ɗan jan mutum in hannu da ruwa, yanzu shiru. Gefe guda an zuba teburin guga na kankare da soket ɗinshi, ƙasanshi wurin aje dutsen guga na gawayi, dan a garin nan wanda ya yar da na gawayi bai shirya zuwa ɗaurin aure da sassafe ba.

Shanya rabi rufe da kwano rabi a buɗe. Shawarata ce wannan ba tasu ba. Ranar Katsina daga Maris zuwa Mayu tana haura digiri 40, shadda da atamfa in suna shan ta kai tsaye kala ke tafiya, sai na ke shanya su a inuwa a juye, zannuwan gado da tawul su sha rana. Da damina kau ba sai an yi ta gudun kwashe kaya ba in hadari ya taso daga gabas. Mai walda ya kafa ƙarafa aka ja waya mai roba layi huɗu, ba ta tsatsa ba ta ɓata farin kaya. Bututun roba da ke waje duk ya binne ko ya shafe da fenti, ya ce rana na gasa shi ya bushe ya fashe.

To yanzu ɓangaren haushi. Aikin da aka ce kafin Juma'a ta sama an gama sai da ya ci fiye da wata. Yau an yi rasuwa, gobe mai tayil ya tafi ɗaurin aure Daura, jibi birkila na wani aiki a Batagarawa. Uzuri ba laifi ba ne amma a kira a faɗa mana. Su ba su san abin da "gobe da safe muna nan" ke jawowa a gidan aure ba, an kira ƙanen maigida ya bar shagonshi ya zo ya zamna dan maza za su shigo, ni da 'yan mata mun wuni cikin hijabi da zafin nan, an kwashe kayan kicin, har la'asar ba kowa kuma waya a kashe. Ɓaraguzai ma sun bar su tuli a ƙofar gida sai mu muka nemo mai kura ya kwashe, alhali da bakin Malam ya ce yana cikin kuɗin.

Sai kafinta. An yi da shi zai yi kabad biyu a bango na aje omo da bula da sitati da bilic inda hannun yara ba ya kai, aka ce katako mai jure ruwa. Ya kawo abu fes da fari da hannuwa masu ƙyalli, ashe allon garin katako ne da aka manne aka lulluɓe da leda. Damina na sauka ƙasan ƙofar ya kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, ledar ta ɗaga, hinjis suka yi tsatsa, ƙofa ɗaya ta daina rufuwa. Kira kau ya daina ɗauka. Wajen wanki ko dai alminiyom ko kanta ta kankare da tayil, katako in ruwa bai ci shi ba gara na nan tana jira.

Abin da ya cece mu takarda ce. Tun farko Baban yara ya sa aka rubuta komai, kaya daban kuɗin aiki daban, har da irin katakon, siminti da tayil kuma tare suka je kasuwa aka saya dan farashi yanzu tsakanin lissafi da saye ma sai ya motsa. Kuɗin aikin kashi uku aka yi shi, na farko a fara, na biyu in an gama ƙasa da famfo, na ƙarshe aka ce sai an ga ruwan sama ya sauka bisa aikin. Malam ya ɗan ɓata fuska lokacin amma ya yarda. Da kabad ya lalace ya zo da kanshi ya duba, ya latsa ƙofar da yatsa ya ga ta lotsa, ya ce "Alhaji wannan ba abin da muka rubuta ba ne, a cire a cikin cikon." Da kuɗin aka kira mai alminiyom ya yi wasu, ƙofofin na zamewa gefe, sai dai shi ma ramin makullin ɗaya ya ɗan karkace sai an ɗaga ƙofar kaɗan take kullewa.