Player's Handbook na 2024, ya cancanci kuɗinsa kuwa?

Masu buga Dungeons & Dragons dai ba sa gajiya da musu a kan wane bugu ne ya fi, tun da kamfanin Wizards of the Coast masu wasan suka saki sabon Player's Handbook, wato littafin dokokin 'yan wasa, a watan Satumban 2024 kuma sai abin ya ƙara zafi. Ni na saya, mun buga da shi, kuma a ganina tsohon na 2014 ne aka yi wa wanka aka canza masa riga, ba wani sabon wasa bane.

Ga wanda bai sani ba, wasa ne da ake zama a tebur, mutum ɗaya da ake ce wa DM yana jan labari sauran kowa da jaruminsa, in za ka yi wani abu mai haɗari sai ka jefa dayis mai fuska 20 a ga ko ka dace. Ba caca bace, ba a sa ko sisi. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974.

Rigimar bugu kam ta daɗe. 'Yan bugu na 3.5 na 2003 har gobe suna cewa nasu ne na masu hankali saboda komai da dokarsa kuma kana iya gina jarumi yanda ranka ke so, sai dai ba sa faɗa maka cewa in an yi nisa matsafi shi kaɗai ke cinye fagen, mai takobi ya koma ɗan rakiya. Bugu na 4 da ya zo a 2008 ya gyara wannan ya daidaita ƙarfin kowa, amma aka yi masa ca wai ya zama gem ɗin kwamfuta a kan takarda, jama'a da yawa suka yi fushi suka koma Pathfinder, wani wasa makamancinsa da kamfanin Paizo ya fitar a 2009. Ni fa ina ganin an zalunci na 4, wajen tsara faɗa har yanzu ba wanda ya kama ƙafarsa. Na 5 a 2014 shi ya sasanta mutane, musamman da dabarar nan mai sauƙi, in kana da rinjaye ka jefa dayis biyu ka ɗauki babba, in kana cikin matsi ka ɗauki ƙarami, shikenan ba dogon lissafi.

To sabon fa? Abin da ya fi burge ni tsarin littafin ne. Shafi 384, ya fara da koya maka yanda ake wasan kafin ya ce ka ƙirƙiri jarumi, sannan a ƙarshe an tara dokoki wuri ɗaya bi da bi, wallahi wannan kaɗai ya rage mana tsayawa ana ta buɗe-buɗen shafi ana gardama. Nau'in jarumai 12 ne kamar da, kowanne da rassa 4, kuma yanzu kowa sai a mataki na 3 yake zaɓen reshensa. Monk, jarumi mai faɗa da hannu, da ake yi wa dariya a da ya samu ƙarfi sosai, sihirin warkarwa na Cure Wounds an ninka dayis ɗinsa daga ɗaya zuwa biyu, shan maganin ƙara lafiya ma ba ya cinye maka zagaye gaba ɗaya.

Masu makami sun samu nasu rabon, kowane makami da ɗan aikinsa na musamman, wani ya ture abokin gaba baya wani ya kayar da shi ƙasa. Da daɗi ga ɗan wasa, amma DM ne ke shan wahala, dan mayaƙi mai sara biyu a zagaye ɗaya in makaminsa na kayarwa ne, duk saran da ya samu sai DM ya sake jefa dayis ya ga ko dodon ya faɗi, ga mutum huɗu ko biyar kowa da nasa, faɗan da ya kamata a gama kafin shayi ya huce sai ka ga ana ta ja har wani ya ɗauko waya.

Inda suka ɓata min rai shi ne batun asalin jarumi. Ƙarin ƙarfi da basira yanzu ya dogara ne da sana'ar da jarumin ya taso a ciki, to in ina son matsafin da ya taso a gona, manomi ba ya samun ƙarin basira sam, sai ƙarfi da juriya da hikima, kenan ko in bar labarin da nake so ko in buga da jarumi mai rauni. Haba! Alhali tun 2020 a littafin Tasha's Cauldron of Everything sun bar mutum ya sa makinsa inda ya ga dama. An kuma cire ruwa-biyun nan, rabin elf da rabin orc (jinsunan halittun almara ne da suka haɗu da ɗan Adam), masu son Paladin, mayaƙi mai ɗan sihiri, na ta ƙorafi an mayar da babban saransu sihiri an taƙaita shi, Ranger kuwa, wato maharbi, an ɗaure shi a jikin sihiri ɗaya wai Hunter's Mark.

Sun ce yana tafiya da tsoffin littattafai, eh yana tafiya, amma in ɗaya na riƙe da na 2014 ɗaya da na 2024 a tebur ɗaya sunan sihiri iri ɗaya aiki daban, sai ku zaɓi ɗaya tun farko kawai.

Da ya fito a 2024 kuɗinsa dala 49.99 ne a Amurka, ka ɗora kuɗin jigila da yanda dala take yanzu ka ji. In sabon shiga ne kai, wannan za ka saya, ko ma ka fara gwada dokokin kyauta da ke shafin intanet na D&D Beyond tukuna. In kuwa kana da na 2014 kuma teburinku na tafiya lafiya, ku haɗa kuɗi ku sayi guda ɗaya ku dinga karɓa-karɓa, ya isa.