Kantin burodin 'yan Meziko a Shikago: akwai zoɓo da mazarƙwaila, amma a tambayi kitsen

A titi na 26 da ke unguwar Little Village a Shikago, ba a tafiya mai nisa ba a ga shagon da aka rubuta panadería, wato gidan burodi, a goshinsa ba. Da yawansu gaba burodi ne, ciki kayan masarufi, can ƙurya kuma mahauta. Ga Bahaushen da ke zaune a garin, shago ne da ya cancanci zuwa, muddin ya san abin da zai ɗauka da wanda zai tsallake.

Tsarin sayen burodin ba wuya. A bakin ƙofa akwai tire da awartakin ɗauka. Ka ɗauki ɗai-ɗai, ka bi akwatunan gilashi kana zaɓa da kanka, ban da sa hannu. A wurin biya za a ƙirga guda-guda a zuba a jakar takarda. A je da sassafe, lokacin da aka fito da gashin farko.

Wanda ya fi duka shi ne bolillo, ɗan dogon burodi mai ɓawo, cikinsa laushi, ba zaƙi. Da shayi da wainar ƙwai ba a magana. Aibinsa ɗaya: kwana guda ya bushe, domin ba a sa masa maganin hana lalacewa. In ya kwana, a yayyafa masa ruwa a sa a oben mai zafin digiri 180 a ma'aunin Celsius na minti 5, zai dawo. A leda kuwa ɓawon jiƙewa yake yi ya zama kamar roba. Concha, mai zanen sukari a ka, ta fi burodinmu na gida bushewa, an yi ta ne don a tsoma a madara ko kofi. Wanda ya ci ta gaya zai ce an cuce shi.

Sai babbar magana, wato manteca. Kalmar na nufin daskararren kitse, kuma a girkin Meziko in an faɗe ta haka kawai, sau da yawa kitsen alade ake nufi. Manteca de cerdo ko de puerco na alade ne, manteca vegetal na tsirrai ne, mantequilla kuma man shanu. Burodin cikin gilashi ba shi da takardar bayani, don haka sai an tambaya, kuma a tambayi mai gashin, domin mai karɓar kuɗi ba lalle ya sani ba. A yi tambayar a kan kowane iri daban: gidan burodi ɗaya na iya yin concha da man tsirrai ya yi polvorones da kitsen alade. Inda aka fi cin karo da shi su ne polvorones (biskit mai rugurgujewa), da empanadas (irin su fai), da tortilla (siririn burodi mai faɗi) ta fulawa, da tamales (curin masara da ake turarawa a ganye), da dakakken waken gwangwani. Tortilla ta masara galibi masara ce da ruwa da farar ƙasa kawai. A kula da gelatina (jeli) mai launi-launi a firji, wadda sau tari daga fatar alade ake samo sinadarinta, da rompope, abin sha na madara da ƙwai mai giya a ciki. Sashen nama dai ba yankan Musulunci ba ne, kuma wuƙa ɗaya ke bin naman sa da na alade. Wannan kam a wuce shi.

Kayan masarufin ne suka biya kuɗin mota. Abin da suka rubuta flor de jamaica zoɓo ne, namu sak. Meziko na daga cikin manyan masu sayen zoɓon Najeriya, wanda ake nomawa a Jigawa da Kano da maƙwabtansu, don haka kada ka yi mamaki in ka juya leda ka ga sunan Najeriya ko Sudan. A zaɓi mai duhun ja wanda bai farfashe ba, a wanke sau biyu saboda yashi. Kofi 2 ya ishi lita 3 ta ruwa, a tafasa minti 10, in ya zarce bauri zai fito. Tamarindo tsamiya ce, da ɓawonta. Piloncillo kuwa mazarƙwaila ce aka zuba ta kamar ƙaramin mazurari, mai nauyin kusan giram 225. Tana da tauri sosai, gara a jiƙa ta a ruwan zafi da a yi ta sara da wuƙa. Ga rogo da dankali da gyaɗa da kirfa, har da madarar Nido.

Wurin barkono ne mutane ke yin kuskure. Chile de árbol, siririn ja, shi ne na dakan yaji. Habanero na maye gurbin attaruhu. Amma ancho da guajillo, duk girmansu, ba su da yajin kirki. Guajillo na ba miya ja irin na tattasai: a cire 'ya'yan, a ɗan gasa a busasshen kasko daƙiƙa 20 kowane gefe, a jiƙa minti 20, sannan a niƙa. Ya ƙone ko kaɗan, miyar ta yi ɗaci.

Kada a sayi garin masarar da ake kira Maseca da niyyar tuwon masara. Masarar an dafa ta da farar ƙasa kafin niƙa, ƙamshinta daban ne, tuwon kuma ba zai yi ɗanɗanon da aka saba ba. Tukwanen ƙasa masu sheƙi ma a bar su ado, hukumar abinci ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasunsu na sakin dalma a abinci.

Wajen 6 ga Janairu layi kan yi tsawo saboda rosca de reyes, burodin bikinsu mai siffar zobe. A cikinsa ana ɓoye 'yar tsanar roba ƙarama, don haka a duba yanka kafin a miƙa wa yaro.