Wace kular sanyaya mai ta dace da giyar otomatik ta tsohuwar a-kori-kura?

Duk wanda ya sauya wa tsohuwar Hilux inji, ya sa mata manyan tayoyi, ya ɗaura ƙarfe a gaba, ya ƙara wa giyar otomatik aiki, alhali abin da ke sanyaya man giyar bai ƙaru ba: ɗan bututu ne kawai a cikin lagireto. A watan Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke kusan digiri 40, ka loda masara daga kasuwar Giwa ka zo ka maƙale a cunkoson Kwangila. Kwanbata, wadda ke haɗa inji da giya, na ta dama mai, mota ba ta gudu balle iska ta shiga. Man giya ya fi lafiya tsakanin digiri 80 da 95. Da ya haura 120 sai ya fara ƙonewa, jansa ya koma ƙasa-ƙasa, ya yi ƙauri, kulocin ciki su fara zamewa.

Maganin wannan shi ne a ƙara kula, wato na'urar sanyaya man giya. Mafi arahar kula ita ce mai bututu ɗaya da ya lanƙwasa cikin siraran fukafukai. Ta ishi motar da ba ta ɗaukar kaya, amma ga mai lodi ta yi kaɗan. Akwai ta tsakiya, mai falle-falle, ba laifi. Wadda nake ba da shawara ita ce mai faranti jere bisa jere. Ta fi tsada, amma mai yana bajewa a cikinta yana haɗuwa da iska sosai, ƙaramarta ma tana yin aikin babbar mai bututu, ga jure tsakuwa.

Wasu makanikai kan ce a sa tsohon kondensan AC tunda yana nan a banza. Kada ka yarda. Ramukansa ƙanana ne, suna iya tauye gudun man. Kular Beljiyam kuma, ba ka san giyar da ta mutu a kanta ba. Garin ƙarfen da ke maƙale a ciki giyarka zai koma.

Wajen haɗawa, a bar man ya bi ta lagireto tukuna, sannan kula, sannan ya koma giya. In lagireton ya tsufa a canza shi, domin in bututun ciki ya fashe ruwa zai gauraya da mai, kuma giyar ba ta daɗewa bayan haka. A ɗaura kular a gaba inda iska ke bugunta. In ƙarfen gaba ya tare wurin, sayi mai fanka.

Kafin ma kular, sa agogon auna zafin man giya, ka yi lodi da shi ka ga inda allura ke tsayawa. Shi zai gaya maka girman da kake buƙata. Tiyo kuwa sai na man giya, ba na fetur ba. Bayan haɗawa a sake duba sandar awo, inji na aiki, domin kular ta sha wani kaso na man. Lokacin hunturu a riƙa wanke ƙurar da ke toshe fukafukanta.