Chevelle ta 1970: a farfaɗo da 350 ɗinta ko a ɗora mata LS?

Salamu alaikum 'yan gida. Shekaranjiya ƙanenmu da ke Houston ya kawo tambaya, na ga amsoshi sun yi yawa amma kowa ɓangarensa yake ja, shi ya sa na ce bari in zauna in jera abubuwan biyu kusa da juna. Ga wanda bai gani ba: ya sayi Chevrolet Chevelle Malibu ƙirar 1970, injin 350 mai ƙarfin doki 300, kafireta Quadrajet, giya otomatik TH350. Injin yana fitar da shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai, kuma ya ce lambar da ke jikin bulok ta yi daidai da ta motar. So yake ya riƙa zuwa aiki da ita kullum, mil 25 zuwa, mil 25 dawowa, a kan titin I-10. Shin ya sauke injin a sake gina shi, ko ya cire shi ya ɗora LS 5.3 na hannu, wato sabon dangin injin Chevrolet mai lita 5.3, daga cikin a-kori-kurar Silverado?

Ƙanena, na yi duka biyun da hannuna, ga abin da na gani. Ciwon 350 a cikin cikinsa yake, sananne ne, kuma kowane yana da magani. Shi LS cikinsa lafiya lau, wahalarsa tana kewaye da shi, a duk wurin da zai haɗu da motar da aka ƙera shekara kusan talatin kafin a haife shi.

Mu fara da tsohon. Wannan dangin injin Chevrolet ta fito da shi tun 1955, shi kuma 350 ya fara zuwa a Camaro ta 1967. Lita 5.7 ne, faɗin silinda inci 4, tafiyar fistin inci 3.48. Ba a ƙera shi don ya zama abin lallaɓawa ba, da shi mutane suka yi ta zuwa aiki da kai yara makaranta. Abin da ya canza ba injin ba ne, fetur da baƙin mai ne suka canza. A 1970 fetur ɗin Amurka yana ɗauke da dalma, wadda ke ɗaga oktan tana kuma kare mazaunin bawul ɗin hayaƙi daga cinyewa. Shi ya sa naka ya fito da matsin silinda 10.25 zuwa 1. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a 1971, General Motors ta sauke matsin zuwa wajen 8.5 don injunanta su iya shan mai mara dalma, kuma daga farkon 1996 aka haramta fetur mai dalma ga motocin titi gaba ɗaya. To, idan za ka sake gina shi, kada ka mayar da shi yadda ya fito daga kamfani. A faɗaɗa silinda da 0.030 na inci, a sa fistin mai ɗan kwarmi a ka, matsin ya dawo wajen 9 zuwa 1, a dasa taurarren mazaunin bawul a top silinda. Da haka zai sha fetur na gidan mai ba tare da ƙwanƙwasa ba ko a zafin Agusta na Texas.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne kamshaf. Injin 1970 tafet ɗinsa, wato ɗan ƙarfen da kamshaf ke turawa don buɗe bawul, mai shimfiɗaɗɗen gindi ne, gogar kamshaf yake yi ƙarfe da ƙarfe, abin da ke tsakaninsu kawai wani sinadarin zinki da fosfaras ne da ake kira ZDDP. An rage shi a baƙin man zamani saboda yana lalata matatar hayaƙin motocin yanzu. Sabon kamshaf irin wannan, da zarar an tayar da injin karon farko sai an riƙe shi a juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti har minti 20 ko 30, da mai na musamman, ba a barinsa ya yi sulo. Ni kaina na taɓa cin kwakwa a nan. Na gama haɗa wani 350 tsaf, ranar tayarwa taimin bai zauna ba, muka yi ta murza sitata muna neman wuta. Da ya tashi kuma tiyon ruwa ya ɓalle, dole muka kashe bayan minti biyar. Ba a yi wata guda ba tafet ɗaya ya fara ƙara, na buɗe filta na tarar da garin ƙarfe yana ƙyalli. Kumburin kamshaf ɗaya ya shafe kamar an goge shi da dutsen niƙa, garin kuma ya zagaya har cikin metal. Sai da na sake sauke injin. Tun ranar, motar da za a hau kullum ba na sa mata komai sai kamshaf mai tafet ɗin ƙafar taya, irin wanda ita Chevrolet ɗin ta koma sa wa motocinta daga 1987. Akwai shi na sawa a tsohon bulok, tafet biyu-biyu haɗe da ɗan ƙarfe. Ya fi tsada sosai, amma araha ba ta ado, kuma daga nan ka daina fargabar baƙin mai.

A wannan fannin LS ya yi gaba ba gardama. Da tafet mai ƙafar taya aka haife shi. LS1 ya fara fitowa a Corvette ta 1997, shi kuma 5.3 ɗin da kake magana, wanda ake kira LM7, ya shigo Silverado daga 1999, bulok ƙarfe, top silinda alminiyam. Kowane mariƙin kiranshaf kusoshi shida ke ɗaure shi, kowane fulogi da kwayil ɗinsa, gaskit ɗinsa na roba ne mai ƙashin ƙarfe, ba ya yoyo irin na tsohon. Af, kada sunan ya ruɗe ka: LS6 ɗin da ake ji a Chevelle SS 454 ta 1970, mai doki 450, ba danginsa ba ne ko kusa, lambar oda ce kawai ta zo ɗaya.

Maganar doki ma sai an yi hattara. Wancan 300 na takardar motarka an auna shi ne da tsohon ma'auni, injin tsirara, ba salansar mota, ba kayan da ke rataye a jikinsa. Daga 1972 aka koma auna injin da kayansa duka, lambobin suka faɗo. Saboda haka 5.3 da aka rubuta wa 270 zuwa 295 ya fi naka ƙarfi a zahiri, ko da yake ya fi shi ƙanƙanta.

Sai wuta da mai. Duk wanda ya tashi a garejin da ake gyaran Peugeot 504 ta Kaduna ya san kwantak da halinsa: yana cinyewa, taimin yana gocewa, da safe mota tana nawa. Maganinsa a 350 mai sauƙi ne, a cire distirbitar a sa HEI, distirbitar lantarki mara kwantak, wadda General Motors ta mayar ta zama ta kowace mota daga 1975. Waya ɗaya take so mai cikakken bolt 12, kada a bar ta a kan tsohuwar wayar kwantak mai rage wuta. Quadrajet kuma kada kowa ya zuga ka ka jefar da ita. Maƙogwaronta biyu na gaba ƙanana ne, su ke aiki a cikin gari, shi ya sa ba ta da ci idan an saita ta daidai. Laifinta ɗaya, masu iya ta sun yi ƙaranci. Abin da zai dame ka da gaske shi ne fetur ɗin yanzu mai kashi 10 na etanol. Yana cin tsohuwar roba, kuma yana saurin tafasa. Ka tsaya a cunkoson titin I-10 wajen garin Katy da la'asar, ka kashe mota minti goma a gidan mai, ka dawo ta ƙi tashi don man da ke cikin kafireta ya dahu ya gudu. Ana rage wannan da sabon tiyo mai jure etanol, da katangar zafi a ƙarƙashin kafireta, da layin da ke mayar da rarar mai tanki. Ragewa na ce. Kafireta kafireta ce, za ta so ka ɗan taka totur da sanyin safiya, za ta so a leƙa ta lokaci lokaci.

LS ba ruwansa da wannan. Ka murɗa makulli ya tashi, ko Janairu ko Yuli. Idan wani abu ya taɓu, ka jona na'urar karanta lambar matsala ta gaya maka. Bakaniken da bai taɓa ganin Quadrajet ba ya san 5.3 kamar yunwar cikinsa, kuma kayansa suna kan kanta a kowane shagon kayan gyara.

Yanzu zo mu ga abin da masu cewa "kawai ka sa LS" ba sa faɗa. Injin shi ne mafi arha a cikin aikin. Kaskon baƙin man Silverado yana da zurfi, zai leƙo ƙasan firem ɗin Chevelle, dutse ɗaya ya ishe shi, sai ka sayi wani kaskon da bututun tsotsonsa. Kujerun injin daban. Bututun hayaƙi daban. Kafireta matsin mai na fam 5 zuwa 7 take so, injekta kuwa 58, ma'ana sabon tanki mai famfo a ciki da sabon layi daga baya har gaba. Wayarin ɗin Silverado sai an warware shi an tsince abin da ba a so, ƙwaƙwalwar injin sai an sake mata shiri an cire makullin ɓarayi, in ba haka ba zai tashi ya mutu cikin daƙiƙa biyu. Idan na 2003 zuwa sama ne, galibi totur ɗinsa na lantarki ne, sai ka nemo fedarsa. Agogon gudun motarka da waya mai juyawa yake aiki, giyar 4L60E ta Silverado kuma siginar lantarki take bayarwa. Kwamfiresan iyakwandishan yana zaune can ƙasa inda yakan ci karo da firem, kai kuma a Houston ba za ka yi wasa da iyakwandishan ba. Kowane ɗaya cikin waɗannan ƙaramin abu ne, amma duk motar LS da na gani an ja ta zuwa gareji, ba fistin ne ya kawo ta ba. Wayar asin ce da ba a ɗaure da kyau ba, ko famfon mai na araha, ko mahaɗin tiyo da ya saki.

Kuma shi injin na hannu ba ka san tarihinsa ba. Kusoshin bututun hayaƙinsa sukan karye a cikin top silinda, 'yar robar bututun tsotson mai takan bushe matsin mai ya faɗi, na'urorin jin ƙwanƙwasa da ke ƙarƙashin hancin iska ruwa yakan kwanta musu su yi tsatsa. Na 2007 zuwa sama da yawansu suna da tsarin kashe silinda huɗu don tsimin mai, tafet ɗinsa kuma ya yi ƙaurin suna wajen maƙalewa. In dai LS za ka yi, nemi na 1999 zuwa 2006.

Akwai abin da duka biyun suka haɗu a kai, kuma shi ya fi shafar tafiyarka ta mil 50 a rana: giya. TH350 hawa uku ce, ba ta da giyar hutu. Mu ɗauka aksul ɗin bayanka 3.08 ne, taya inci 26. A gudun mil 70 injin zai riƙa juyi kusan 2,800 a minti. Ka sa 700R4 mai giya ta huɗu 0.70, juyin ya sauko ƙasa da 2,000. Ƙara ta ragu, zafi ya ragu, shan mai ya ragu, injin ya daɗe. Rabin yabon da ake wa LS na rashin shan mai, na giyar da ke bayansa ne. Sai dai 700R4 tana da wata waya da ke zuwa kafireta, ita ke saita matsin man giyar, in aka ɗaure ta ba daidai ba giyar tana iya ƙonewa cikin 'yan mil. Kada ka ba ɗan koyo. Lagireto ma haka, ko wane injin ka zaɓa sai ka sa mai kyau da murfin da ke kewaye fanka. Birkin gaba in na ganga ne a mayar da shi na faifai kafin a yi maganar doki.

Kamshaf mai gurnani kuma, wanda ke sa mota tana kakkarwa a danja, ka bar wa masu fita ranar Asabar. Yana rage zuƙar iskar da ke tausasa birki, yana sa mota mutuwa idan iyakwandishan ya kama. Ƙarami ko matsakaici ya ishe ka.

Da a ce bulok ɗinka ya tsage, ko wani ya riga ya canza shi tun da can, ko kai mutum ne da ba ya son buɗe bonet ko sau ɗaya a wata, da na ce maka je ka ɗora 5.3 da giyarsa, ka biya gwani ya yi wayarin, ka huta. Amma ka ce lambar ta yi daidai. Malibu ba SS ba ce, ba za ta yi kuɗin LS6 ba, duk da haka motar da ta kai wannan shekarun da injinta na asali ba kullum ake samunta ba, kuma 350 ɗin da aka gina yadda na faɗa zai kai ka aiki ya dawo da kai shekara da shekaru. Komai nasa zai koma mazauninsa ba yanka ba walda. Ni shi zan gina.

Kafin ka sayi ko kusa ɗaya, sauke injin ka kai wa masu yankan bulok su wanke shi, su duba tsagewa, su auna silinda da kiranshaf, don sai an san girman da za a yanka ake odar fistin da metal. Ka sa su canza sarkar taimin, tsohon faifanta na sama haƙoransa na roba ne, in bai zube ba yana hanya. Sannan ka nuna musu lambar nan da yatsanka. Tana kan ɗan dandamalin da ke gaban top silinda na ɓangaren fasinja, daidai saman da suke askewa idan za su daidaita fuskar bulok. Ka ce kada injinsu ya bi ta kanta, ka sa a rubuta a takardar aiki, ka kuma ɗauki hotonta kafin ka bar shagon.